Wa Zai Yanke Cibiya? Matan Inuwit da Haihuwa a Baƙon Gari

A can ƙuryar arewacin Kanada, inda bishiya ba ta tsirowa kuma teku kan daskare har a yi tafiya a kansa, akwai wani tsari da ya fi dokoki da yawa iko da rayuwar mata. Idan ciki ya kai sati 36 zuwa 38, sai mace ta ɗaure kayanta, a sa ta a jirgin sama, a kai ta wani birni mai nisan ɗaruruwan kilomita, wani lokaci ma fiye da dubu, ta zauna a masaukin marasa lafiya tana jiran naƙuda. Ta baro miji, ta baro yaye da 'yan makaranta a hannun duk wanda ya samu sarari, ta baro uwa da kaka. Takan yi sati uku, ko wata guda, ko fiye. Haka akasarin matan Inuwit suke haihuwa tun wajen shekaru 50 da suka wuce.

Inuwit su ne mutanen da littattafan makaranta na dā suke kira Eskimo, sunan da su kansu ba sa so. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta same su kimanin 70,000, mafi yawansu a yankuna huɗu: Nunavut, da Nunavik da ke arewacin lardin Kebek, da Nunatsiavut a gaɓar Labrador, da yankin Inuvialuit can yamma. Suna da dangi a Girinlan da Alaska. Nunavut kaɗai ta ninka Nijeriya sau biyu a faɗin ƙasa, amma garuruwanta 25 ne, babu hanyar mota da ta haɗa su, kuma cikakken asibiti ɗaya ne tak, a Iqaluit. Matan tsibirin Baffin ana kai su Iqaluit ko Otawa, na yankin Kivalliq ana kai su Winnipeg, na Kitikmeot kuma Yellowknife ko Edmonton. A duk Kanada babu inda ake haihuwa da yawa kamar Nunavut, babu kuma inda uwaye suka fi ƙuruciya.

A 'yan shekarun nan an fara jin wata kalma a bakin masu kula da lafiyar waɗannan mutane, wato dula, matar da aikinta shi ne ta tsaya tare da mai ciki tun daga goyon cikin har naƙuda har jego. Ana horar da matan Inuwit da na sauran ƙabilun asalin Kanada su yi wannan aiki cikin harshensu da al'adarsu. Ra'ayinmu shi ne, aiki ne mai kyau wanda ya cancanci a biya masu yinsa, amma ba shi ne maganin ciwon ba. Idan aka bari gwamnati ta fake da shi, zai zama ƙyallen da aka ɗaure a kan gyambo don kada baƙo ya gani. Kafin mu kai ga hujjarmu, sai an san abin da aka rasa.

Kafin zuwan asibiti, macen Inuwit takan haihu a tanti ko a ɗakin ƙanƙara, ga fitilar dutse mai cin kitsen dabbar teku tana ba da haske da ɗumi. Takan durƙusa ko ta tsuguna, wata ta tallafe ta ta baya, kamar dai yadda kakanninmu suka yi haihuwar durƙuso. Idan tafiyar farauta ta ritsa da su, miji ma kan karɓi haihuwa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne matsayin matar da ta yanke cibiya ko ta fara sa wa jariri tufa. A Nunavik ana kiran ta sanaji, ma'ana mai ƙerawa, domin a ganinsu tana da hannu a irin mutumin da yaron zai zama. Tun yana cikin tsumma take yi masa magana, tana ambaton halayen da take fata ya tashi da su. Namijin da ta karɓa ya zama angusiaq ɗinta, macen kuma arnaliaq, kuma wannan zumunci ba ya yankewa. Ranar da yaro ya fara kamo kifi ko ya harbo dabbarsa ta farko, ita ake kai wa. Ranar da yarinya ta gama ɗinkinta na farko, ita ake nuna wa. Ita ke yabo, ita ke ƙarfafa gwiwa, har yaro ya girma yana da wata uwa bayan wadda ta haife shi.

Sai kuma suna. A wurinsu suna, wanda suke kira atiq, yana ɗauke da wani abu na mai shi. Idan aka sa wa jaririya sunan kakarta da ta rasu, mahaifiyarta za ta iya kiran ta da kalmar "uwata", sauran dangi ma su riƙa kiran ta da abin da suke kiran marigayiyar. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda gidajenmu cike suke da su Abba da Ummi da Baba, waɗanda aka sakaya sunansu don kunyar mai sunan. Bambancin shi ne, su sun ɗauki abin da zurfi fiye da mu. To, duk wannan saƙar zumunci a ɗakin haihuwa ake fara ta. Idan aka ɗauke haihuwar aka kai ta hawa na huɗu a wani asibiti a Winnipeg, inda likitan da ke bakin aiki a daren shi zai yanke cibiya ya wuce gado na gaba, yaron ya taso ba shi da sanaji. Tsohuwar da ta san aikin kuwa ta mutu da iliminta, domin babu inda za ta koya wa 'yar baya.

Ba a rana ɗaya aka kai ga haka ba. A shekarun 1950 da 1960 gwamnatin Kanada ta tattara Inuwit daga zangunansu na farauta ta zaunar da su a garuruwa, ta gina ƙananan ɗakunan shan magani, ta zuba musu malaman jinya, da yawansu ungozomomin da aka horar a Ingila. Da farko masu matsala kaɗai ake ɗauka a jirgi. A hankali aka faɗaɗa ma'anar matsala, ungozomomin nan suka yi ƙaranci, kafin a shiga tsakiyar shekarun 1980 kusan kowace mai ciki sai an fitar da ita. Adalci ne mu faɗi cewa jarirai suna mutuwa da yawa a wancan lokaci, kuma likitocin da suka tsara abin suna ganin rai suke ceto. Sai dai ba a tambayi matan ba. Kuma jirgi da ma yana da mummunan tarihi a wurinsu, domin a shekarun 1950 jirgin ruwan nan mai suna C.D. Howe ya riƙa kwasar masu tarin fuka zuwa asibitocin kudu, da yawa ba su dawo ba, danginsu ba su ma san inda aka binne su ba. Sai a watan Maris na 2019 Firayim Minista Justin Trudeau ya je Iqaluit ya nemi gafara a kan wannan.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A shekarun 1970 wani limamin Katolika da ke zaune a arewa, Robert Lechat, ya fallasa cewa a garin Igloolik kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mata masu shekara 30 zuwa 50 an juya musu mahaifa, wato an yi musu aikin da ke hana haihuwa har abada. A 2022 wani kwamitin majalisar dattawan Kanada ya tabbatar cewa yi wa mata 'yan asalin ƙasar irin wannan aiki ba da cikakken yardarsu ba bai zama tarihi ba tukuna. A Girinlan kuwa, daga 1966 zuwa 1970 likitocin Danmak sun saka wa mata da 'yan mata kimanin 4,500 robar hana ɗaukar ciki a mahaifa, wasunsu ba su wuce shekara 13 ba, da yawa ba tare da saninsu ko sanin iyayensu ba. Sai a 2025 Firayim Ministar Danmak, Mette Frederiksen, ta ba da haƙuri. Ga kuma wata ɗabi'a da aka daɗe ana yi a lardunan Kanada, inda ma'aikatan jin daɗin jama'a ke aika wa asibiti sanarwa a ɓoye cewa a sa ido a kan wance, sai ta haihu a zo a ɗauke jaririn. Daga 2019 ne larduna suka fara soke wannan ɗaya bayan ɗaya. Macen da ta san an yi wa gwaggonta haka, aka miƙo mata takarda da Turanci ko Faransanci tana tsakiyar naƙuda aka ce ta sa hannu, wane irin tunani za ta yi? Har zuwa 2017 ma, gwamnatin tarayya ba ta biyan kuɗin ɗan rakiya ga babbar mace mai lafiyayyen ciki. Ita kaɗai take tafiya.

A nan ne dula ta shigo. Kalmar daga Girkanci take, asalinta baiwa ko mai hidima, kuma wata masaniyar al'adu Ba'amurkiya, Dana Raphael, ita ta ɗauko ta ta ba ta wannan sabuwar ma'ana. Dula ba ta duba bakin mahaifa, ba ta yin allura, ba ta karɓar haihuwa. Tana zama ne kurum, ba ta tashi idan lokacin canjin aiki ya yi. Ta shafa baya, ta ba da ruwa, ta nuna yadda za a juya, ta bayyana abin da likita ya ce, ta tuna wa mai naƙuda cewa tana da ikon tambaya da ikon cewa a dakata. Mai jin wannan zai ce ai ba wani abu ba ne, amma an auna shi. A 1980 aka buga wani bincike da aka yi a wani asibiti a Gwatamala, inda aka ga matan da aka ba su mai zama da su sun fi saurin sauka. A 2017 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 26 da suka shafi mata fiye da 15,000, ta samu cewa rakiyar da ba ta yankewa tana rage tiyata, tana rage tsawon naƙuda da buƙatar maganin kashe zafi. Shekara guda bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin shawarwarinta, cewa kowace mace a bar ta ta shiga da wanda ta zaɓa.

Ga macen Inuwit da aka kai baƙon gari, amfanin ya wuce haka. Dular da ke jin Inuktitut ta san cewa mutanenta kan ɗaga gira su ce i, su yamutsa hanci su ce a'a, alhali malamar jinya daga kudu tana tsaye tana jiran amsa da baki, har ta rubuta cewa maras lafiya ba ta ba da haɗin kai. Ta san cewa shirun mace ba alamar rashin ciwo ba ne. Ta san inda za a samo kifin arewa ko naman barewar ƙanƙara ga wadda abincin masauki ya gundure ta. Idan aka kawo takardar tiyata, akwai idon da ke kallo da kunnen da ya ji abin da aka faɗa, kuma wannan kaɗai yakan gyara halin ma'aikaci. Ƙungiyoyi irin su Northern Birthwork Collective a Yellowknife da Wiiji'idiwag Ikwewag a Manitoba suna wannan aiki tsakanin 'yan asalin ƙasar, a lardin British Columbia kuma akwai tallafin da ke biya wa iyalansu kuɗin dula. A yawancin wurare dai inshorar lafiya ta gwamnati ba ta biya, sai a dogara da tallafin shekara guda wanda ba a san ko za a sabunta shi ba.

Wani abin da ya burge mu shi ne yadda masu wannan aiki suka ƙi taƙaita shi ga haihuwar da ta ƙare da barka. Suna cewa rakiya ta kowane ciki ce, ko yaya ya ƙare. Wadda ta yi ɓari a masauki da tsakar dare tana buƙatar mai riƙe mata hannu. Haka wadda ɗanta ya zo babu rai, za ta hau jirgi da ƙaramin akwati. Haka yarinya mai shekara 16 da ba ta da miji, wadda kowa ke kallo da gefen ido. Akwai kuma wadda ta riga ta yi alkawarin ba wa yayarta ko mahaifiyarta jaririn, domin riƙo tsohuwar al'ada ce mai ƙarfi a wurin Inuwit, har dokar Nunavut ta amince da shi ba sai an je gaban alƙali ba. Irin wannan uwa tana haihuwa ne ta miƙa, nono na zuba, kuma ma'aikacin asibitin kudu yakan ɗauka yar da ɗa ta yi. Mu da muka san riƙo a gidajenmu mun san ba haka ba ne, mun kuma san cewa zuciyar uwa takan yi nauyi ko da ita ta yarda. Ba za mu ɓoye ba, wannan rakiya a Kanada takan haɗa har da matan da suka je zubar da ciki, tunda babu dokar da ta hana shi a can tun hukuncin kotun ƙoli na 1988. Mafi yawanmu ba mu tare da su a kan wannan, kuma ba muhawarar da ta tara mu yau ba ce. Amma a ce macen da ke zubar da jini kada a bar ta ita kaɗai, a fara ceto kafin a fara tuhuma, wannan ba mu ga mai hankalin da zai ƙi shi ba.

To ina matsalar? Dula tana sauƙaƙa zaman baƙunta, amma ba ta mayar da mace gida. Ba za ta tsayar da jinin da ya ɓalle ba, ba za ta farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba, saboda haka kasancewarta a gari ba ya sa a daina ɗaukar mata a jirgi. Horar da ita kwanaki ne ko makonni, horar da ungozoma shekaru ne, gina ɗakin haihuwa da ajiye ma'aikata dare da rana kuma kuɗi ne masu yawa. Duk ma'aikatar da ke neman abin nunawa a rahoton ƙarshen shekara ta san wanda ya fi araha. Akwai kuma abin takaici a ce aikin da kaka da gwaggo suka yi shekaru aru-aru yanzu sai an ba da takardar shaida kafin mai gadin asibiti ya bar mutum ya shiga. Duk da haka ba mu tare da masu cewa a bar shi aikin sa-kai don kada kuɗi ya ɓata shi. Matar da za ta kwana biyu a tsaye a kan mai naƙuda ita ma tana da yara da haya, kuma a garuruwan da kuɗin kwalin madara ya ninka na kudu, wadda ba a biya ba ba za ta daɗe ba.

Hujjarmu mafi ƙarfi tana garin Puvirnituq, a gaɓar tekun Hudson cikin Nunavik. Matan wannan gaɓa a dā ana kai su Moose Factory a lardin Ontariyo ko Montiriyal. Da aka tashi buɗe cibiyar lafiya ta Inuulitsivik, matan yankin suka tsaya kai da fata cewa sai an dawo da haihuwa gida, kuma sai an koya wa 'ya'yansu aikin. A 1986 aka buɗe ɗakin haihuwa a Puvirnituq, aka ƙara na Inukjuak a 1998, na Salluit a 2004. Jama'ar gari ke da bakin magana a kan wadda za a ɗauka koyo, tana koyo ne a bakin aiki kusa da ƙwararriya, tana haɗa ilimin asibiti da abin da tsofaffi suka sani, kuma da Inuktitut ake magana da mai ciki. Babu ɗakin tiyata a wurin. Montiriyal tana da nisan fiye da kilomita 1,500. Abin da suke yi shi ne, idan ciki ya kai wajen sati 32 zuwa 34, sai kwamitin ungozomomi da likitoci da malaman jinya ya zauna a kan kowace mace, a duba jininta da hawan jininta da tarihin haihuwarta da halin gidanta, a yanke inda ya fi dacewa ta haihu.

An bi diddigin sakamakon. Vicki Van Wagner da abokan aikinta sun duba naƙuda 1,372 daga 2000 zuwa 2007. Kashi 86 cikin ɗari an yi su ne a cikin Nunavik. Waɗanda suka ƙare da tiyata, har da na matan da aka tura kudu, kashi 2 ne da ɗan ɗoriya, a lokacin da a Kanada baki ɗaya ake yi wa fiye da mace ɗaya cikin huɗu. Kimanin kashi 9 sun buƙaci a ɗauki uwa ko jariri da gaggawa, galibi saboda bakwaini ko hawan jinin masu ciki. Jarirai huɗu sun zo babu rai, biyar sun rasu bayan haihuwa. Gaskiya ne matan yankin matasa ne kuma da yawansu ba haihuwar fari ba ce, wanda hakan ke rage tiyata ko a ina. Amma ko an cire wannan, lissafin ya nuna cewa gari mai nisa, marar ɗakin tiyata, zai iya riƙe yawancin haihuwarsa ba tare da an yi asarar rayuka fiye da kima ba, muddin akwai ƙwararrun hannu da tantancewa ta gaskiya.

Mai ja da mu zai ce, ranar da guguwar ƙanƙara ta hana jirgi sauka, mace kuma tana zubar da jini, me za a gaya wa mijinta? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu da amsar da za ta share ta. Akwai matan da dole a kai su kusa da ɗakin tiyata, kuma ungozomomin Puvirnituq su ne na farko wajen tura su. Abin da muke ƙi shi ne lissafin da ke ƙirga haɗarin ɗakin haihuwa kaɗai. Yaran da aka bari wata guda a gidan da mutum goma sha ke kwana ɗaki uku, ba a sa su a lissafi. Miji da ya bar aiki ko farauta, da auren da ya yi rauni, da nonon da aka yanke wa na goye ba shiri, duk ba a sa su. An kuma rubuta labarin matan da suka riƙa ɓoye ciki ko su rage watanninsa don kada a ɗauke su, wanda ke nufin tsarin da aka yi don tsaro ya kore su daga awo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matan Nunavik da aka ba su zaɓi sun nuna sun iya auna haɗari.

Nunavut ta gwada nata. An buɗe ɗakin haihuwa a Rankin Inlet a 1993, wani kuma a Cambridge Bay a 2010. Amma a 2020 aka dakatar da karɓar haihuwa a Rankin Inlet bayan ungozomomin Inuwit biyu da suka daɗe suna riƙe da wurin sun ajiye aiki, mata suka koma hawa jirgi zuwa Winnipeg. A ƙarshen 2021 babban asibitin Yellowknife ma ya dakatar da karɓar haihuwa na wasu watanni saboda ƙarancin ma'aikata, aka riƙa wucewa da mata Edmonton. Ma'aikacin da aka ɗauko daga kudu da kwangilar 'yan makonni zai koma, 'yar gari ce ke zama, idan an riƙe ta da mutunci. Shi ya sa muke ganin babban amfanin horar da dula a waɗannan garuruwa shi ne ta zama matakin farko. Yarinyar da ta fara da shafa baya da fassara, ta ga haihuwa ashirin, ita ce za ta iya zama ungozoma gobe, in an buɗe mata hanya an kuma biya mata karatun.

Mu da ke zaune a zangunan Kumasi da Akara, ko Birketeri a Yawunde, ko unguwannin Njamaina da Gadarif, ba wanda ke sa matanmu a jirgi, kuma ba za mu haɗa wahalarmu da tasu ba. Mu matsalarmu sau da yawa rashin isa asibitin ne da wuri, kuma matan da muke rasawa wajen haihuwa sun ninka nasu nesa ba kusa ba. Al'adarmu ta goyon ciki ma kishiyar abin da aka yi musu ce, tunda mu gida ake mayar da mai cikin fari, wurin uwarta. Amma akwai inda muka haɗu. Matarmu ma takan shiga ɗakin haihuwa inda ake magana da harshen da ba ta ƙware ba, a rufe ƙofa a bar uwarta ko ungozomar unguwa a kan benci. Kunya da dauriyar da aka tarbiyyantar da ita a kai sukan sa ta yi shiru har abu ya ɓaci, ko a ɗauka taurin kai ne. Wadda aka yi wa tsawa a haihuwar fari, a ta biyu sai ta zauna a gida har sai an ɗauko ta ranga-ranga. Ba kuma duk abin da tsofaffinmu suka riƙe ne za a shiga da shi ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Ungozomar da za ta raka mace asibiti sai ta yarda ta koyi alamun jijjiga da na zubar jini, ta kuma san inda aikinta ya tsaya. Uzurin da asibitoci ke bayarwa, cewa ɗaki ɗaya ne da gadaje da yawa ba labule, namiji yake hanawa, bai hana mace ba. Magajiyoyin zango da ƙungiyoyin adashe za su iya zaɓen mata biyu ko uku masu jin harshen gari, su je su zauna da shugabar ɗakin haihuwa a san fuskokinsu tun kafin ranar buƙata.

A Nunavik dai abin ya zauna da gindinsa. Lardin Kebek, wanda bai halatta aikin ungozoma ba sai a 1999, daga baya ya amince da matan da aka horar a Inuulitsivik ya ba su lasisi, kuma an buɗe irin wannan hidima a Kuujjuaq da ke ɗaya gaɓar. A Nunavut kuwa har yanzu mafi yawan garuruwan nan 25 ba su da inda mace za ta haihu da shiri, kuma ƙungiyar matan Inuwit ta Pauktuutit, wadda aka kafa a 1984, tana nan tana neman a dawo da ungozomomi garuruwa. Jariran da aka karɓa a Puvirnituq a shekarar farko yanzu suna wajen shekara 40, sunan garinsu ne a takardunsu na haihuwa, kuma da yawansu sun san gidan matar da ta yanke musu cibiya.